Maganin Hawan Jinin Dada

Ni ce 'yar fari a wurin mahaifiyata, kuma wanda ya san gidan Fulani a Gombe ya san abin da hakan ke nufi. Ba ta kiran sunana, ba ta kallona ido cikin ido, ba ta karɓar abu daga hannuna. Idan na shiga gidanmu na Jekadafari na durƙusa na gaishe ta, bango take amsa wa, ko tsintsiyar da ke hannunta. In tana son in ci abinci sai ta ɗaga murya ta ce, "A zuba wa baƙi tuwo," alhali babu wani baƙo a gidan sai ni. Da na yi aure na tare a Nasarawo sai ta samu sunan da za ta riƙa kirana da shi ba tare da ta ji kunya ba. Na zama "mutanen Nasarawo". Ni kaɗai ce, amma kullum jam'i nake a bakinta.

Dada muke ce mata. Babanmu Bakatsine ne, ɗan kasuwa, kuma har ya bar duniya bai daina yi mata tsiya a kan wannan kunya ba, yana cewa ita da 'yarta sai ka ce surukai. Ni dai abin bai taɓa damuna ba. Da aka yaye ni Goggo ta ɗauke ni, yayar babanmu, a hannunta na tashi a unguwar Shamaki. Duk abin da nake so Dada ta sani, Goggo nake gaya wa, ita kuma ta yafa mayafi ta je ta isar, ta dawo mini da amsa har da ƙarin gishirinta. Haka muka yi rayuwa lafiya lau, sai da Goggo ta rasu na gane ashe ita ce hanyar da ke tsakanina da uwata. Wadda ta gaji aikin ita ce Auta, ƙanwarmu da ke zaune da Dada, mai kirana Adda, 'yar makaranta, wadda in ka ba ta saƙo da safe sai ta isar da rabinsa bayan la'asar, idonta na kan waya.

An gano Dada na da hawan jini ne bayan ta daɗe tana fama da ciwon kai. Likita ya ɗora ta a kan ƙwaya, a sha kowace safiya, ya ce ba a dainawa ko da an ji sauƙi. Ta riƙe abin kamar sallah. A bakin layinmu akwai wani mai kemis, Ibo ne, tun ina yarinya yake wurin, yana jin Hausa ras, har gaisuwar Fulatanci yake yi wa Dada tana dariya. Wurinsa Auta ke karɓo maganin in ya kusa ƙarewa. Shekaru aka yi a haka, ban taɓa tunanin akwai abin da zan sa wa ido ba.

Wata rana na taso daga makarantar firamaren da nake koyarwa, na sauka daga keke mai ƙafa uku a bakin layin, sai mai kemis ya leƙo ta kan kantarsa.

"Malama, sannu da aiki. Mama ta canza shago ne?"

Na ce wane irin canza shago.

"Ai an daɗe ba a zo karɓar maganinta ba. Na ce ko wani ya fi ni araha. In haka ne ba komai, ta dai sha."

Na shiga gida na ja Auta zaure, na tambaye ta. Ta ce, "Au, ban gaya miki ba? Ai Dada ta daina. Yanzu tafarnuwa take sha da zoɓo, da wani gari da ake kawowa. Adda, natural ne fa, ba shi da side effect." Ta faɗa mini hakan tana danna waya, ko kai ba ta ɗago ba.

Ashe da Auta ta yi sabuwar waya, tsohuwar ta ba Dada, ta kuma sa ta a guruf ɗin matan unguwa, wanda aka buɗe don sanar da suna da biki da rasuwa. Dada ba ta karanta boko, amma ta gane wurin da ake dannawa murya ta fito. Na sa Auta ta kunna mini saƙon da ya raba ta da maganinta. Muryar namiji ce, a natse, mai daɗin sauraro, ya fara da salati, ya ce shi likita ne amma bai faɗi asibitin da yake aiki ba. "Iyayena mata," in ji shi, "tausayinku ne ya sa na kasa yin shiru." Ya ce ƙwayar hawan jini ita ke narkar da ƙoda a hankali, shi ya sa ake ta kai mutane wankin ƙoda. Ya ce duk maganin da aka ce ka sha har ka mutu ba magani ba ne, kasuwa ce aka buɗe a jikinka, kuma masu yin sa sun sani, likitoci ma sun sani, an toshe musu baki ne. Daga ƙarshe ya kawo zancen garin maganin da yake sayarwa, ya roƙi kowace ta tura saƙon ga wadda take ƙauna.

Ba wannan ne karo na farko da na ji irin wannan zance ba, kuma gaskiya na riga na gaji da shi tun kafin ya shigo gidanmu. Ina cikin waɗanda aka taɓa tasa da waya a ce mu yi wanka da ruwan gishiri mu kuma sha, don wata annoba da ko kusa da mu ba ta zo ba. Na sha bin iyayen yara har gida a kan allurar rigakafi, ana cewa tana hana haihuwa, a gidan da yara sun cika tsakar gida har ba wurin sa ƙafa. A guruf ɗin malamai kuwa, mu da muke taƙama da takarda, kullum sai wani ya turo wani abu: kar a ci kaza, kar a tsaya kusa da ƙarfen sabis, an sa wani abu a cikin kaza. Da farko ina musu, ina rubuta dogon bayani. Daga baya na lura ba mai karantawa, sai na koma sa alamar hannun addu'a in wuce. Amma waɗancan duk iyayen wasu ne. Wannan uwata ce, kuma na san abin da likita ya ce zai iya faruwa in aka bar jinin yana hawa.

Ga shi ba ni da bakin yi mata magana. Na bi hanyar da muka saba. Na zauna a tabarma a tsakar gida, Dada na can bakin madafa tana tsince shinkafa, ta ba ni baya, na kira Auta na zaunar da ita a gabana, na ɗaga murya yadda za a ji. Na ce wa Auta hawan jini ba ya sallama, mutum na iya jin garau alhali yana cinsa. Na ce hawan jinin da aka bari shi ne ke lalata ƙoda, maganin kuwa tsare ta yake yi. Na ce wanda ya yi wannan magana ba mu san shi ba, ba mu san gidansu ba, kuma gari yake sayarwa. Auta na ta gyaɗa kai tana hamma. Da na gama, Dada ta watsa wa kaji tsakuwar shinkafa ta ce da su, "Masu ilimi sun zo." Can kuma ta ce, "Auta, ki ce wa mutanen Nasarawo kaina ya daina ciwo. Su kwantar da hankalinsu."

Na koma na sake, na kuma sakewa. Na sayo maganin na ajiye a bakin tabarmarta, don ba ta karɓa a hannuna. In na dawo sai in tarar da shi a kan taga, ko ɓare shi ba a yi ba. Mai kemis ya ce zai shigo da abin awonsa ya gwada ta, ta aika masa da cewa ta gode, ai dole ya damu tunda ciniki ya ragu. Mutumin da ya shekara da shekaru yana gaishe ta da yarenta, murya ɗaya a waya ta mayar da shi ɗan damfara. Ya ji zafin maganar, na gani a fuskarsa, amma cewa kawai ya yi, "Malama, ku dai kula da ita."

Sai wata dabara ta zo mini, har na ji daɗin kaina. Tunda murya a waya take saurara, bari ni ma in zama murya a waya. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa, na ɗauki maganata, na goge, na sake ɗauka, har ta fito yadda nake so. Na kwaikwayi mutumin nan, na fara da salati, na ce "Iyayena mata". Na tura wa Auta na ce ta jefa shi cikin guruf ɗin, kar ta ce daga ina ya fito.

Abin da ban yi lissafi da shi ba shi ne Dada ba ta sauraron saƙo ita kaɗai. Da yamma maƙwabta kan taru a tsakar gidanmu, a ajiye wayar a tsakiyar tabarma, a kunna kowa ta ji, ana yi ana jinjina kai. Auta ce ta ba ni labarin, tana dariya har da riƙe ciki. Wai ko salatin ban gama ba wata maƙwabciyarmu, tsohuwar ƙawar Dada, ta tafa hannu ta ce, "Lale, ga 'yar fari ta shigo waya! Matso ki ji 'yarki!" Matan suka kwashe da shewa. Dada ta miƙe ta kakkaɓe zani ta shige ɗaki, ta ce a kashe. Ina ita ina zama cikin mutane tana sauraron muryar 'yarta ta fari? Aka kashe, aka wuce saƙo na gaba, wanda ke bayanin yadda albasa a tafin ƙafa ke zuƙe cuta. Nawa ba wadda ta ji inda ya dosa.

A ranar na ji haushi ƙwarai, na kuma ji wani abu mai kama da kishi. Wani ƙato da ba ta taɓa gani ba yana shiga har ƙuryar ɗakinta, ya yi mata magana kai tsaye, ta saurara har ƙarshe ta maimaita, saboda babu kunya tsakaninta da shi. Ni da ta haifa sai na bi ta bango da kaji. Daga nan jikina ya yi sanyi. Ina zuwa gaisuwa, ina ajiye maganin, ina tarar da shi a taga. Na daina dogon jawabi. Na gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta, ga aji cike da yara, ga gidana, ga wannan. In na tambaya, amsar ɗaya ce, a ce wa mutanen Nasarawo lafiya ƙalau.

Ina cikin aji da hantsi Auta ta kira ni tana kuka. Dada na shara ta faɗi, bakinta ya karkace, ba ta iya ɗaga hannun dama. Na bar alli a kan tebur na tari acaɓa, abin da rabona da hawa tun ina budurwa. Kafin in isa gida ya cika. Maƙwabciyar nan ta riga ta kawo garwashi a kasko don turare, tana cewa shafar aljanu ce, kar a kai ta asibiti, in aka yi mata allura shi ke nan, ita ma a waya ta ji. Mai kemis ne ya tsayar da keke a ƙofar gida, ya tsaya daga zaure yana ɗaga murya, "Ku fito da Mama! Ku fito da ita yanzu!" Ban tsaya gardama da kowa ba. Na sunkuya na ɗauki kafaɗunta, Auta ta ɗauki ƙafafu. Tun da na yi wayo ban taɓa taɓa jikin uwata ba sai ranar, kuma ban san ta yi rashin nauyi haka ba.

A asibiti suka ce shanyewar ɓarin jiki ce, jinin ne ya hau ya yi ɓarna. Likitan ya tambaya ko tana shan maganinta, na ce ta daina. Bai yi faɗa ba, bai ma yi mamaki ba, ya ɗan lumshe ido kawai ya ci gaba da rubutu. Na gane shi ma ya gaji da jin wannan amsa.

Jinya ta faɗo kaina, don Auta na jarrabawa, kuma in ta ga Dada a haka kuka take yi maimakon aiki. Ni ke juya ta, ni ke goge mata jiki, ni ke canza mata zani. Duk lokacin da na matso sai ta rufe ido ta kau da kai wajen bango. Maganarta ta dawo kaɗan-kaɗan, a daddafe, harshen ya yi nauyi, amma ko a hakan in tana son abu sai ta jira Auta ko nas, ko mai jinyar gadon kusa da mu, ta ce a gaya wa mutanen Nasarawo.

'Yan dubiya kuwa ba su fasa ba. Kowace ta zo da kwanon abinci da wayarta. Wannan ta ce akwai man da ake shafawa, hannu ya tashi nan take. Waccan ta ce ga wani a bidiyo yana warkar da irin wannan da ganye. Suna kunna mata a kunne ina zaune. Ba na iya korar sa'o'in uwata, sai in ce an gode, Allah ya ba da lada, in raka su bakin ƙofa ina cizon leɓe.

Ina gyara mata matashi wata safiya sai na ga ƙwayoyi a ƙarƙashi, sun jiƙe sun manne da zanin gado. Ashe in nas ta ba ta sai ta ɓoye a kumatu, a ba ta ruwa ta yi kamar ta haɗiye, in an juya baya ta tofar. Tana kwance rabin jikinta ba ya motsi, har yanzu tana tsare ƙodarta daga maganin. Na tsaya riƙe da matashin, ban ma iya fushi ba. Na gaya wa nas, ta ce to daga yau sai an ga ta haɗiye, in ba haka ba abin na iya dawowa, kuma na biyu ba ya zuwa da sauƙi.

Washegari nas ta zo a gurguje, ana kiranta a wani ɗakin, ta zuba mini ƙwayar a tafin hannu ta ce in tabbatar ta sha, ta wuce. Auta na makaranta. An sallami matar gadon kusa da mu, gadon ba kowa. Babu 'yar dubiya ko ɗaya, don lokacin dubiya bai yi ba tukuna. Daga ni sai Dada, ba wanda za a aika.

Na tsaya da ƙwaya a hannu ɗaya, kofin ruwa a ɗayan. Saboda sabo sai na ji bakina ya ce wa ƙarfen da ake rataya ruwa, "A ce wa Dada ga magani."

Tana kallon bango, ina kallon ƙeyarta, gashin duk ya yi fari ya cukurkuɗe, na ce a raina in an jima zan taje mata. Na sake cewa, "A ce mata don Allah ta sha." 

Sai ta juyo da kanta a hankali. Ta dube ni, ni ɗin, a cikin ido. Ta motsa bakin da ya karkace, ta kira sunana. Bai fito daidai ba, harshen ya cinye rabinsa, amma sunana ne, kuma ban taɓa jin sa a bakinta ba.

Na ce, "Na'am, Dada."

Ta dubi tafin hannuna. Da ƙyar ta haɗa kalmomin. "Yana kashe ƙoda?"

"A'a, Dada. Shi yake tsare ta."

"Kin tabbata?"

"Na tabbata."

Ta daɗe tana kallona. Na miƙa mata ƙwayar. Ta dubi hannunta na dama da ke kwance a kan zani, ta dubi na hagun, ba ta ɗaga shi ba. Dada ba ta taɓa karɓar abu da hagu daga hannun kowa ba, ko yaro ne. Sai ta buɗe baki. Na sa mata a kan harshe, na tallafi kanta na ba ta ruwa, na ga maƙogwaronta ya motsa. Ta sake buɗe bakin don in gani ba komai, sannan ta mayar da fuskarta bango ta ce a gaya wa mutanen Nasarawo su zauna su huta.

Na zauna a kujerar roba na yi kukan da nake ta riƙewa, ba na murna ba. Tambayar ke nan gaba ɗaya, amsarta kuma ke nan, ko minti ba mu ci ba. Tun ranar da saƙon mutumin nan ya shigo wayarta take ɗauke da wannan tambaya, ni kuma ina ɗauke da amsar ina zagaya tsakar gida da ita, ina gaya wa Auta, ina gaya wa kaji.

An sallame mu. Tana takawa yanzu da sanda, tana jan ƙafa. Wayar na nan a gefen matashinta, ban ƙwace ba, don ta nan take jin rasuwa da haihuwar dangi. Saƙon mutumin ma yana nan yana yawo; kwanan baya na ji shi a keke, daga wayar wata mata da ke kusa da ni, tana saurara tana gyaɗa kai. Na ce mata ƙarya yake yi, uwata na gida a shanye saboda shi. Ta dube ni ta ce Allah ya ba ta lafiya, ta ƙara kusantar da wayar kunnenta.

Dada ba ta sake kiran sunana ba, na koma mutanen Nasarawo. Hannun daman bai dawo ba. Auta ta gwada ba ta maganin, mai kemis ma ya gwada, ta rufe baki gam. Don haka kullum da safe kafin in wuce makaranta nake sauka a Jekadafari, in durƙusa in gaishe ta ta amsa wa bango, sannan ta juyo ta buɗe baki in sa mata.